Daga Tukur-Tukur Zuwa Shomolu

Marubuci yakan ɗauka aikinsa ya ƙare ranar da ya ɗiga aya ta ƙarshe, alhali rabin aikin ke nan. Sauran rabin yana can cikin ɗakuna masu warin tawada da kananzir, a hannun mutanen da ba a sa sunansu a bango: mai jera shafuka, mai ƙona faranti, mai tuƙa inji, masu ninki, mai yanka. Mutanen nan suna da harshen sana'arsu, kuma da harshen nan ake yanke yadda littafi zai fito, nawa zai ci, da shekara nawa zai yi kafin ya wargaje. Galibinmu masu rubutu da Hausa ba ma jin sa. Mukan miƙa rubutu da kuɗi, mu koma gida mu jira abin da za a kawo mana.

Shi ya sa na karɓa hannu bibbiyu da wata ƙungiyar malaman firamare ta nemi in raka littafinta na koyon karatu zuwa Legas. Kano da Kaduna ba su rasa maɗaba'u ba, kuma akwai gwanaye a cikinsu. Sai dai bawan Allahn da ya ɗauki nauyin aikin ɗan kasuwa ne mazaunin Agege, yana so a yi shi inda idonsa zai kai. Na ƙudurta a raina cewa duk kalmar da na ji an faɗa a kan littafin nan sai na tambayi ma'anarta, sai kuma na ga aikin da take nufi da idona.

Zariya, inda haruffa ke da nauyi

Na fara yada zango a Zariya, domin a nan Hausar boko ta kafu a kan takarda. A nan Hukumar Fassara, wadda ta koma Hukumar Talifi, ta yi aikinta a ƙarƙashin Dokta Rupert East. Gasar da ta shirya a 1933 ita ta ba mu Ruwan Bagaja da Ganɗoki da Shaihu Umar da Idon Matambayi. A Janairun 1939 jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo ta fara fitowa, Abubakar Imam yana editanta, a 1945 kuma aka kafa Kamfanin Gaskiya a Tukur-Tukur. Daga baya hukumar adabi ta NORLA ta zo a shekarun 1950, sai kamfanin wallafa na NNPC a 1966. Duk ɗan makarantar da ya karanta Magana Jari Ce ya ci albarkacin wannan unguwa, ko bai taɓa taka ta ba.

A Tudun Wada aka haɗa ni da wani dattijo da ya yi ƙuruciyarsa yana jera haruffan dalma a wata maɗaba'a ta garin. Har yanzu yana ajiye da aljihun katako guda mai ƙananan gidaje, kowane gida da harafinsa. Ya zaro ɗaya ya ɗora mini a tafin hannu. Ɗan sandan ƙarfe ne da bai kai tsawon gaɓar yatsa ba, harafin yana bisa kansa a juye, domin in ya taɓa takarda ya fito daidai. Ya nuna mini yadda ake tsinto su ɗaya bayan ɗaya ana jerawa a wani ɗan ma'ajin ƙarfe da ake riƙewa a hannun hagu, har layi ya cika. Ko filin da ke tsakanin kalma da kalma ƙarfe ne, sai dai gajere, ba ya kai wa ga tawada. In an gama bugu, a wanke, a mayar da kowane harafi gidansa. Daga baya injin Linotype, wanda Ottmar Mergenthaler ya ƙera a Amurka a shekarun 1880, ya sauƙaƙa aikin, domin shi yana narka dalma ne ya zubo layi guda cur.

A wurinsa na fara jin ma'aunin da ake kira foyin. Guda 72 ne ke cika inci ɗaya, kuma shi ne lambar nan da muke zaɓa a kwamfuta in za mu ƙara girman rubutu. Littafin manya yakan zauna a 11 ko 12. Na yara masu koyon karatu yana son 16 ko 18, da wadataccen fili tsakanin layuka. Ya ce da ni: "Malam, a zamaninmu kuskure nauyi gare shi. In ka sa harafin da ba shi ba, sai an kwance shafi an zare shi da hantsaki. Shi ya sa ba ma barin aiki ya hau inji sai mutum biyu sun zauna da bugun gwaji, ɗaya yana karantawa a bayyane, ɗaya yana bi da yatsa."

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne gidaje uku da ya nuna mini a gefen aljihun, na ɓ da ɗ da ƙ. Ba da su Hausar boko ta fara ba. An yi zamanin ɗigo a ƙarƙashin harafi da waƙafi a gefensa, kuma haka ƙamusun Bargery na 1934 ya fito. A shekarun 1930 ne aka tsayar da masu ƙugiya. Tsayar da su a lokacin ba magana ce ta baki kawai ba. Kowane ɗaya sai an sassaƙa masa mazubi, babba da ƙarami, a kowane girma, an zubo shi da dalma, an yi dakonsa zuwa maɗaba'a. Mutanen da suka gina mana adabin zamani sun bi harshensu har cikin ƙarfe. Da wannan tunani na hau mota.

Hanya, da labarin takarda

Kaduna wucewa kawai muka yi, garin da jaridar New Nigerian ta fara fitowa a 1966, kuma inda Kwalejin Kimiyya da Fasaha take da sashe guda na koyar da aikin ɗab'i. Muka bi ta Suleja da Bida da Mokwa, muna kutsawa tsakanin tireloli da tankokin mai, har muka gangaro Jebba muka hau gadar Kwara. Wani fasinja ya nuna mini wajen da masana'antar takarda take. Tana ɗaya daga cikin manya uku da gwamnati ta kafa don ƙasar nan ta dogara da kanta: ta Jebba, ta Oku-Iboku a Akwa Ibom domin takardar jarida, da ta Iwopin a Ogun domin takardar rubutu da ɗab'i. Burin bai cika ba. Yau kusan duk farar takardar da ake buga littattafanmu a kai daga waje take zuwa ta jirgin ruwa, saboda haka dala na motsawa, kuɗin littafi ya motsa.

Ba yau muka fara jiran takarda daga nesa ba. Malamanmu na ƙarni na 19 sun rubuta littattafansu a kan takardar Italiya da ayari ke ratso Sahara da ita. In ka ɗaga ta a rana za ka ga hoton jinjirin wata guda uku a cikin jikinta. Sun san takardarsu, sun san mai kyau da marar kyau, suna kuma zaɓe.

Bayan Ilori da Ogbomosho da Oyo muka shiga Badun, garin kamfanonin wallafa, waɗanda da yawansu ke unguwar Jericho. A nan ya kamata a rarrabe abu biyu da muke cakuɗawa. Kamfanin wallafa shi ke karɓar rubutu, ya tace, ya tsara, ya zuba kuɗinsa, ya rarraba. Maɗaba'a kuwa aikinta ta buga abin da aka ba ta yadda aka ba ta. Yawancin marubutan Hausa na yau su ne mawallafan kansu. Ke nan duk aikin da edita da mai tsarawa da mai duba bugu za su yi a Badun, a Kano yana kan wuyan mutum ɗaya, ko ya sani ko bai sani ba.

Shomolu

Na sauka a Onipanu a kan titin Ikorodu, na shiga ciki da ƙafa wajen titin Bajulaiye. Kunne ne ke fara sanar da kai ka iso. Janareta na ruri ta kowane lungu, injuna na bugawa a ƙarƙashin benaye, masu baro na neman hanya da tulin takardar da ya fi tsayin kansu. Samari na ratsa titi da fararen faranti a hammata. Kalanda, fosta, katin biki, littafin rasit, kwalin magani, littafin makaranta, duk ana yin su a tsakanin 'yan layukan nan. Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne da wuya ka ga shago ɗaya ya yi aiki daga farko har ƙarshe. Mai zane daban, mai faranti daban, mai takarda daban, mai inji daban, masu ɗinki daban. Aiki yana yawo ne daga ƙofa zuwa ƙofa, kuma abin da ke riƙe da shi kada ya ɓace shi ne kalmomin da kowa ya yarda da ma'anarsu. Ana Yarbanci, ana buroka, amma in an zo kan awo, bakin kowa ɗaya ne.

Allah ya haɗa ni da wani matashi Bazazzagi da ya zo Legas dakon takarda, ya zauna har ya zama mai tuƙa inji. Shi ya zama jagorana.

Ɗakin zane muka fara shiga, ɗan ƙuƙumi mai kwamfutoci a jere, kusan kowacce da CorelDraw a buɗe. Ana buɗe littafinmu sai ga duk inda ƙ ko ɗ ko ɓ take ta rikiɗe ta zama wata alamar baka ko sanda. Mai zanen ba ya jin Hausa, don haka bai ga wani abin damuwa ba. Dalilin sananne ne. An buga rubutun da ɗaya daga cikin tsofaffin salon haruffan Hausa irin su Rabi'at, wanda Farfesa Abdalla Uba Adamu ya ƙirƙiro a shekarun 1990, ya kuma yi wa harshen nan babbar hidima a lokacin da kwamfuta ba ta san da ƙugiya ba. Irin waɗannan suna aro gurbin wasu alamomi ne su zauna a kai, don haka in kwamfutar da aka je ba ta da su, sai alamomin asali su dawo. Magani biyu ne: a yi rubutu da haruffan tsarin Unicode, sannan a kai aiki a matsayin PDF wanda aka cusa haruffan a cikinsa. Wasu in abin ya dame su sai su share ƙugiyar gaba ɗaya. A littafin da zai koya wa yaro bambancin kafa da ƙafa, ko baki da baƙi, wannan kisan kai ne ga darasin. Muka zauna muka bi shafi-shafi har kowace ƙugiya ta koma mazauninta.

A ɗakin nan na koyi abin da suke kira bilid. In hoto ko launi zai kai har bakin shafi, sai an sa ya zarce layin yanka da milimita 3, domin wuƙa ba ta faɗawa wuri ɗaya daidai a kowane tuli. In ba a bar wannan rara ba, sai farin zare ya fito a gefen bango. Haka kuma rubutu ba ya matsawa kusa da baki, kuma gefen da za a ɗinke yana son fili fiye da sauran. Hoto kuwa sai mai ɗigo 300 a kowane inci. Wanda aka tura ta WhatsApp ya riga ya matse, a waya ya yi kyau, a takarda ya dagule. Fuskar kwamfuta da haske take haɗa launi, daga ja da kore da shuɗi. Inji da tawada huɗu yake haɗawa: sayan, wato shuɗi mai haske, majenta mai ja-ja, rawaya, da baƙi. Abin da suke nufi da fulkala ke nan. Akwai shuɗi da kore masu ƙyalli da allo ke nunawa waɗanda tawada ba za ta taɓa kaiwa ba, kuma rashin sanin haka ya haddasa rigima da yawa tsakanin mai aiki da mai inji.

Sai jagorana ya tambaye ni yawan shafuka. Na ce 98. Ya girgiza kai ya ce: "Kawu, ko dai ka rage biyu, ko ka biya kuɗin da bai kamata ba." Ya ɗauko farar takarda babba ya ninka ta sau uku, ya bi kusurwoyi yana sa lamba daga 1 zuwa 16, sannan ya warware. Sai ga shafi na 1 maƙwabcin na 16, na 8 maƙwabcin na 9, rabinsu kuma kai a ƙasa. Ba a buga littafi shafi-shafi. Takarda mai girman A2 tana ɗaukar shafi takwas na A5 a kowace fuska, 16 ke nan gaba da baya, kuma wannan ƙunshi shi ne tubalin littafi. Shafi 96 ƙunshi shida ne cif. Shafi biyun da suka yi saura za su jawo ƙarin faranti da ƙarin hawa inji da ƙarin ninki. Muka matse gabatarwa da godiya, littafi ya tsaya a 96.

Daga nan aka tura aikin wurin masu faranti. Farantin siririn alminiyam ne da aka shafe da wani sinadari da haske ke kamawa. A manyan shaguna inji ne ke zana shafukan kai tsaye daga kwamfuta da hasken leza, abin da suke kira CTP. A da sai an fitar da fim tukuna a ɗora a kan farantin a haska. Har yanzu masu neman sauƙi suna buga rubutu a wata takarda mai shara-shara su yi amfani da ita a madadin fim, kuma nan ne asalin kodaɗɗen rubutun da muke gani a wasu littattafan kasuwa. Kowace fuska da farantinta, kowane launi da nasa. Cikin littafinmu baƙi ne zalla, faranti 12 ke nan, bango kuma huɗu.

Shagon takarda makaranta ce guda. Babu mai cewa a ba shi mai kauri ko mai kyau. Giram ake kira, wato nauyin murabba'in mita ɗaya na takardar. A0 murabba'in mita ɗaya ce, in an yi ta rabawa biyu ana samun A4 guda 16, saboda haka falle ɗaya na A4 mai giram 80 nauyinsa giram 5 ne. Rim kuwa falle 500 ne. Takardar jarida ba ta kai giram 50 ba, tana da araha, amma takan yi ja ta karye da shekaru. Farar takardar littafi, wadda suke kira bon, akwai mai 60 da 70 da 80. Mai sheƙi ta mujalla da kalanda ta fi su nauyi, bango kuma kwali ne mai 250 ko 300. Mai shagon ya ɗora falle mai 60 a kan wani rubutu, rubutun ya leƙo ta baya. Ya ɗora mai 70, ya ragu ƙwarai. Ga yaron da yanzu yake gane haruffa, inuwar rubutun bayan shafi ruɗani ce, don haka muka ɗauki mai 70. Ya kuma nuna mini cewa takarda tana da jijiya. Ta wani ɓangare takan ninku salin-alin, ta ɗayan sai ta yi gardama ta tsage a karkace. Dole jijiyar ta bi tsawon ƙashin bayan littafi, in ba haka ba littafin ba zai buɗu ya kwanta ba.

Injin da jagorana ke tuƙawa Kord ne, ƙirar kamfanin Heidelberg na Jamus, wanda tarihinsa ya faro tun 1850. An daina ƙera irinsa tun ƙarnin da ya wuce, amma a Shomolu da Kaduna da Kano yana nan yana ciyar da gidaje. Yana ɗaukar takarda har mai santimita 46 da 64, launi ɗaya a kowane zagaye. Dabarar aikinsa ta samo asali ne daga abin da Alois Senefelder ya gano a Jamus a ƙarshen ƙarni na 18, cewa ruwa da maiƙo ba sa haɗuwa. Farantin a shafe yake, babu tudu babu kwari. Wasu naɗaɗɗun robobi suna jiƙa shi da ruwa, wasu suna shafa masa tawada. Inda babu rubutu ruwa ya kama, tawada ta ƙi zama. Inda akwai rubutu tawada ta kama. Farantin ba ya taɓa takarda. Yana ɗora hoton ne a kan wani bargon roba, bargon ya sauke a takarda. Wannan tsari shi ne ofset. Shi ne kuma ya ba malaman Kano damar ganin rubutun hannunsu ya yaɗu ba tare da an jera harafi ko ɗaya ba, domin duk abin da za a iya ɗaukar hotonsa za a iya buga shi. Alƙur'anai da littattafan ajami masu rubutun hannu da ke cika rumfunan Kasuwar Kurmi ta wannan hanya suka fito.

Na tsaya ina kallonsa yana aiki. Fallayen farko duk shara ne. Yana zaro ɗaya, ya duba, ya murɗa wani maɓalli, ya rage ruwa, ya ƙara tawada a gefe ɗaya, ya sake zaro wani. In ruwa ya yi yawa rubutu ya koɗe, in ya yi kaɗan farin fili ya yi dauɗa. Shi ya sa kullum ake sayen takarda da rara. Sai da ya gamsu ya miƙo mini falle ya ce in duba in sa hannu. Daga wannan sa hannu, duk kuskuren da ya fito nawa ne. A nan na gane kalmar da ta fi kowacce yawo a bakinsu, impireshan: wucewar falle 1,000 ta cikin inji, fuska ɗaya, launi ɗaya. Da ita ake lissafin ladan mai inji.

Bangon an kai shi wani layi, wurin inji mai gida huɗu, inda takarda ke ratsa launuka huɗun a tafiya ɗaya. Mai injin ya ba ni tabaron ƙara girma na duba rigar yarinyar da ke hoton bangon. Koriya ce a ido, amma a ƙarƙashin gilashi babu kore ko kaɗan, ɗige-ɗigen shuɗi ne da rawaya a cakuɗe. A gefen takardar akwai wasu 'yan alamomin gicciye. In launuka huɗun sun hau kan juna daidai, gicciye ɗaya za ka gani. In ɗaya ya goce ko da kaurin gashi ne, fuska ta yi inuwa biyu. Saboda haka ƙananan rubutu ake barin su da baƙi kaɗai. Ya kuma ce fatar baƙin mutum tana son kulawa ta musamman, domin in tawada ta yi nauyi sai kamanni su nutse.

Ƙarshen aiki yana wani dogon ɗaki a bayan wani gini, inda mata ke zaune a gaban tebura suna ninki da ɗan guntun katako mai santsi, hannu na gudu, hira na gudana. Wasu na bi suna tsinto ƙunshi ɗaya daga kowane tuli har shida su haɗu. Shugabarsu ta ce in zaɓi ɗauri. Akwai ɗinkin waya ta tsakiya, wanda ya dace da siririn littafi. Akwai na gam, inda ake kankare ƙashin baya a shafa gam mai zafi a manna bango. Yana da kyan gani, amma in gam ɗin ba nagari ba ne, shafuka kan fara zubewa. Akwai kuma ɗinkin zare, ƙunshi-ƙunshi, sannan a manna bango. Na ce mata: "Mama, littafin yara ne, kuma Arewa za shi." Ta ce to zare, kuma a sa wa bango leda, mai sheƙi ko marar sheƙi, sannan a bar shi ya huta a danne kafin a ɗaure, domin takardar da ta sha laimar Legas in ta gamu da hunturu takan lanƙwashe. Daga nan sai gilotin, babbar wuƙar da ke sare gefe uku ta bar littafi sumul.

Da dare jagorana ya yi mini lissafin a bayan wani lalataccen falle. Kwafi 1,000 na shafi 96: falle 6,000 na A2 ban da rara, faranti 12, impireshan 12, sai bango. In kwafi 2,000 ne, takarda da impireshan za su ninka, amma kuɗin zane da faranti suna nan yadda suke, don haka kowane kwafi ya ƙara sauƙi. In kuwa kwafi 50 kake so, kada ma ka doshi faranti, ka tafi wurin injin da suke kira DI, mai bugawa kai tsaye daga kwamfuta. Sai ya tuna mini da lambar ISBN mai alƙaluma 13, wadda Babban Ɗakin Karatu na Ƙasa ke bayarwa, da kwafin da doka ta ce a kai masa ajiya. Littafin da ba shi da su da wuya ɗakunan karatu su san da zamansa.

Abin da tafiyar ta koya mini

Mun saba ɗora wa masu maɗaba'a laifin kodaɗɗen rubutu da bango mai saɓulewa da ƙugiyar da ta ɓace. Akwai masu ha'inci a kowace sana'a, amma abin da na gani shi ne galibi abin da aka biya shi ake bayarwa, kuma abin da ba a ambata ba, mafi araha ake sawa. Babu wanda zai kai wa tela shadda ya ce ɗinka mini riga ya juya, bai faɗi yadi nawa ba, bai faɗi irin wuya da aiki ba. Amma haka muke yi da littattafan da muka shekara muna rubutawa. Marubucin da ya iya cewa A5, shafi 96, giram 70, bango 250 fulkala da leda, ɗinkin zare, kuma sai na ga gwaji na sa hannu, ya riga ya kare littafinsa daga rabin abin da ke lalata littattafanmu, ya kuma girmama mai sana'ar, domin ya yi masa magana da harshen da zai iya cika alkawari a cikinsa.

Wannan ilimi ba ya buƙatar zuwa Legas. Yana nan a maɗaba'un Kano da Kaduna da Zariya da Sakkwato, a bakin mutanen da ba mu cika zama da su ba. Ya kamata ƙungiyoyin marubuta su riƙa gayyato masu inji da masu ɗinki zuwa tarukansu, su kuma riƙa kai sababbin marubuta cikin maɗaba'a. Ya kamata sassan Hausa na jami'o'inmu su zauna da masu sana'ar da malaman ɗab'i su tattara kalmomin nan, waɗanda aka ara da waɗanda aka ƙirƙira, su fitar da ɗan littafin jagora da duk mai shirin buga littafi zai iya saye. Dattijan da suka jera dalma suna ƙarewa, kuma abin da suka sani game da tsara Hausa a shafi ba a rubuce yake ba. A je a same su tun suna da ƙarfin yin bayani.